KUNNUWAN ZUCIYA: Waƙa da Sharhinta a kan Sauraron Shiriyar Ubangiji

Ina farawa da sunan Allah Maɗaukakin Sarki. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da Alayensa da Sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa, dalilin tsara wannan waƙa da sharhinta shi ne, wata ranar Juma'a bayan an tashi daga zikiri a zawiyarmu ta Tireshbil, wani saurayi cikin almajirai ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ina da tambaya. Kullum ana ce mana mu roƙi Allah Ya zaɓa mana. To, na roƙa, ban ji komai ba. Ina so in bi hanyar Agadas in tafi Arewa neman kuɗi, mahaifiyata kuwa tana cewa in koma gida. Har na tura wa wani malami kuɗi ta waya ya yi mini istihara, ya ce hanya a buɗe take. Yaya mutum zai gane abin da Allah Yake so da shi?"

Na ce masa ya ba ni kwana bakwai. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwar albasa ne wanda ya zauna gaban malamai, ya kuma yi tuntuɓe a wannan hanya har sau biyu. Abin da na ji daga gare su da abin da ya same ni, su na tara a cikin baiti 26. Wanda ya ga kuskure ya gyara don Allah.

1. Da sunan Ta'ala nake fara waƙa,
Shi buɗe mana kunnuwan zuciya.

2. Salati ga Manzo abin so Muhammad,
Fitilar da ke haskaka duniya.

3. Da Alai, Sahabbai da Shehu Tijani,
Da duk mai biyar su bisa gaskiya.

Sharhi: Ku sani, wahayi ya yanke da wafatin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, a shekara ta 11 bayan Hijira. Duk wanda ya ce an saukar masa da sabon hukunci bayan wannan, maƙaryaci ne. Abin da ya saura ga bayi shi ne ilhami, wato abin da Allah Yake jefawa a zuciyar mumini na fahimta da natsuwa da karkata zuwa ga alheri. Alƙur'ani ya ba mu labarin irinsa ga mahaifiyar Annabi Musa a farkon Suratul Ƙasasi, ita kuwa ba annabiya ba ce. A Suratul Anfali kuma, aya ta 29, an yi wa masu taƙawa alkawarin abin da za su rarrabe gaskiya da ƙarya da shi. Wannan shi nake nufi da kunnuwan zuciya.

FASALI NA ƊAYA: HAYANIYA

4. Ina nan Ajame cikin kasuwarta,
Ana ta kira babu mai jin ɗaya.

5. Da ƙarar gbaka da kiran masu tasha,
Da mai talla, ga kuma ƙarar waya.

6. Amon kasuwa ɗan kaɗan ne, ka gane,
Amon ranka shi ne abin tambaya.

Sharhi: Na baro ƙauyenmu na ƙasar Adar a shekarar 1979, na bi ta Yamai zuwa Wagadugu a mota, daga nan na shiga jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Tireshbil. Layin nan ana ce masa na Abijan zuwa Nijar, amma tun da ya isa Wagadugu a 1954 bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Iyayenmu sun riga mu zuwa tun lokacin da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, wasu 'yan dako, wasu fataken goro masu zuwa Anyama, wasu masu shanu, bayansu kuma aka sami samarinmu masu sayar da garba, wato attieke da soyayyen kifi, abincin da mutanen Kwaddibuwa suka raɗa wa sunan Bahaushe.

Wanda bai taɓa tsayawa a titin Nangi Aburuguwa da hantsi ba, bai san hayaniya ba. Ga gbaka, ga woro-woro, ga 'yan turin kaya suna ihu a ba su hanya, har ladanin Babban Masallacin Ajame ya yi kira wani bai ji ba, alhali yana jingine da katangar masallacin. Sai dai wannan hayaniya mai sauƙi ce, domin dare yana kashe ta. Wadda ba ta mutuwa ita ce ta cikin rai: lissafin bashi, da farashin buhu, da kuɗin da za a aika gida, da maganar da wane ya faɗa maka jiya. Sau nawa na yi kabbara a masallaci, jikina yana sahu, zuciyata tana Galmi tana cinikin albasa? Mutumin da yake haka, ko an yi masa magana ba zai ji ba. Suratu Ƙaf, aya ta 37, ta sharɗanta wa mai son amfana da tunatarwa ya kasance mai zuciya, ko ya karkato da jinsa alhali hankalinsa yana wurin. To, ɗana mai tambaya, kafin ka ce ba a amsa maka ba, duba tukuna ko ka taɓa yin shiru.

FASALI NA BIYU: BAƘI HUƊU

7. Da baƙi huɗu zuciya ke gamuwa,
Ka gane su kar su yi ma murɗiya.

8. Na Allah idan ya taho ba shi motsi,
Shi bar ka da tsoro da yin godiya.

9. Mala'ika shi ko nasiha shikan yi,
Shi ja ka a hankali gun shiriya.

10. Ta ukku ko nafsu, tana nan da naci,
Abin da take so shi ne dukiya.

11. La'ini na huɗu shikan sauya riga,
Shi zo ma da carbi shi ɓoye tsiya.

Sharhi: Malaman Tasawwufi suna kiran tunanin da ke faɗo wa zuciya hawaɗiri, suka kasa shi gida huɗu. Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu a 465 bayan Hijira, ya yi bayaninsu a Risalarsa, Imamu Gazali kuma, wanda ya rasu a 505, ya faɗaɗa a cikin Minhajul Abidina. Asalin maganar yana cikin hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da Tirmizi ya ruwaito, inda aka sanar da mu cewa Mala'ika yana da tasa kusanta ga ɗan Adam, Shaiɗan ma yana da tasa.

Alamar na Allah ita ce tabbata. Idan ya sauka ba ya yawo, kuma yana bar wa bawa ƙanƙan da kai. Na Mala'ika kamar aboki ne mai nasiha, ya ce maka tashi ka yi alwala, je ka gai da mara lafiya, in ka ƙi ya ja da baya, gobe ya sake dawowa. Nafsu kuwa kamar yaro ce a gaban mai alewa, abu ɗaya take so, ba ta karɓar musaya, za ta yi ta naci har ka gaji. Shaiɗan shi ba ruwansa da wane zunubi za ka yi, in ka rufe masa ƙofar sata ya zagayo ta ƙofar giba, in ka rufe wannan ya zo ta girman kai. An ruwaito wannan bambanci tsakanin nafsu da Shaiɗan daga Imamu Junaidu, Allah Ya yarda da shi.

Mafi haɗari shi ne baiti na 11. Mu 'yan ɗariƙa, La'ini bai cika zo mana da kwalbar giya ba, ya san ba za mu karɓa ba. Da rawani yake zuwa, da carbi, da hujja mai kama da ta addini. Ga yadda ya zo mini.

FASALI NA UKU: MA'AUNI

12. Ma'auni Shari'a, da shi za ka auna
Mafarkin dare ko tunanin jiya.

13. Haramun da an san shi ba istihara,
Ka bar shi kawai ko ana shan wuya.

14. Amana ta bawa wuta ce a hannu,
Ka mai da wa mai ita kan safiya.

Sharhi: A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kaya suka yi tsada, ciniki ya tsaya. A wannan shekara motar albasata ta lalace a hanya, kafin ta iso Ajame fiye da rabin kayan ya ruɓe, na wayi gari bashi ya fi abin da na mallaka. A lokacin akwai wani yaro ɗan yankinmu mai sayar da garba, wanda ya shekara biyu yana kawo mini ajiya da kaɗan-kaɗan har ta kai jika 300. Ya tafi gida ganin iyali, sai labari ya zo mana cewa Allah Ya yi masa rasuwa. Babu takarda, babu shaida. Daga ni sai Allah muka san da kuɗin nan.

Zuciyata ba ta taɓa ce mini in cinye ba. Abin da ta ce shi ne, "Juya su damina ɗaya, ka fita daga bashi, sa'an nan ka aika wa magada har da ƙari. Ai taimakonsu za ka yi." Na yi alwala na yi istihara a kan haka, na kwanta, na yi mafarki ina wanka a cikin ruwa garai-garai. Da gari ya waye na hau bas na ƙetare gada zuwa Tireshbil ina murna, na zayyana wa muƙaddaminmu, Allah Ya jiƙansa, dukan abin da ya faru.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kuɗin naka ne?" Na ce, "A'a, Allah Ya gafarta Malam." Ya ce, "In suka salwanta kana da abin biya?" Na ce, "Babu." Ya ce, "To, ɗana, me kake tambayar Allah a kansa, bayan Ya riga Ya ba ka amsa a Suratun Nisa'i, inda Ya yi umurni a mayar da amanoni ga masu su? Ka je ka tambayi Sarki abin da Ya rubuta Ya buga hatimi, don kana fatan Ya canja maka?" Sai ya sa aka ɗauko Muhtasar na Shehu Halilu, ya nuna mini a babin ajiya cewa a mazhabarmu ta Malikiyya, rancen kuɗin ajiya makaruhi ne ga mai wadata, amma haramun ne ga wanda ba shi da abin biya. Ya ƙara da cewa tun ranar da yaron ya rasu kuɗin sun zama na magada, jinkirta su kuwa zalunci ne. Na ce, "Mafarkin fa?" Ya ce, "Annabi ya kasa mafarki uku, akwai bushara daga Allah, akwai na Shaiɗan, akwai zancen da rai ke yi wa kansa. Ka kwana kana ƙishirwar kuɗin mutane, don me ba za ka ga ruwa ba?"

Wallahi na fito ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Cikin makon nan na ɗauki kuɗin da kaina na kai ƙauyensu. Na tarar da tsohuwarsa da matarsa mai ciki, rumbu ya kusa ƙarewa. Bashina kuwa bai bar ni ba sai bayan shekara uku, ina dako da rana ina gadi da dare. Ban faɗi wannan don a yabe ni ba, domin da an bar ni da mafarkina da na ci wuta.

Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya yarda da shi, wanda aka haifa a Ainu Madi a 1150 bayan Hijira, ya rasu a Fas a 1230, ya umurci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin Shari'a, su ɗauki wanda ya dace su bar wanda ya saɓa. Idan maganar Shehu ana auna ta, ina ga mafarkina da naka? Hadisin Wabisatu da ke cikin Arba'una Hadisi na Nawawi, wanda aka ce masa ya nemi fatawar zuciyarsa, yana aiki ne a wurin da al'amari ya rikice, ga zuciyar da take da tsoron Allah. Ba a buɗe ƙofar haramun da shi.

FASALI NA HUƊU: ISTIHARA

15. Halal biyu in sun tsaya ma a ƙofa,
Ka kasa rabewa, kana waiwaya,

16. Ka yo nafila, sai ka roƙi Ta'ala
Shi zaɓa maka, kai ka miƙa wuya.

17. Ka je shawara gun mutanen amana,
Gidan masu duba ko ai rijiya.

18. Mafarki idan bai taho ba ka tashi,
Abin da ya sauƙaƙa, bi lafiya.

Sharhi: Wurin istihara shi ne al'amuran halal, kamar aure da tafiya da haɗa jari da sauya sana'a. Buhari ya ruwaito daga Jabiru ɗan Abdullahi cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura ta Alƙur'ani. Siffarta ita ce ka yi raka'a biyu ba na farilla ba, a lokacin da nafila ta halatta, sa'an nan ka karanta addu'ar da aka ruwaito, ka ambaci buƙatarka. Ma'anar addu'ar ita ce ka amsa cewa Allah Ya sani kai ba ka sani ba, Yana da iko kai ba ka da shi, in abin alheri ne ga addininka da rayuwarka da ƙarshen al'amarinka Ya sauƙaƙe maka shi, in sharri ne Ya kawar da shi daga gare ka, Ya kawar da kai daga gare shi, Ya ƙaddara maka alheri duk inda yake, Ya sa ka yarda da shi. Wanda bai hardace ta ba ya je gun muƙaddaminsa ya koya, kwana biyu sun isa.

Ku lura, ya 'yan'uwa, babu ambaton barci ko mafarki a cikin hadisin nan. Wanda aka nuna wa mafarki nagari, falala ce. Wanda ba a nuna wa ba, istihararsa ba ta ɓaci ba. Amsarta tana zuwa ne a cikin buɗewar ƙirji da sauƙaƙar hanya, ko tsukewar ƙirji da toshewar hanya. Sharaɗinta babba kuwa shi ne ka shiga da zuciya wadda ba ta riga ta yanke ba. Wanda ya sayi tikiti ya ɗaure jaka sa'an nan ya yi istihara, shaida yake nema.

Kuma istihara ba ta ɗauke shawara. A Suratu Ali Imrana, aya ta 159, an umurci Mafificin halitta ya yi shawara da Sahabbansa, in ya ƙulla niyya ya dogara ga Allah. Ka nemi mai tsoron Allah wanda ya san abin, wanda kuma ba shi da riba a cikin zaɓinka. Amma masu bugun ƙasa da masu wuri da masu sayar da istihara, waɗanda a da sukan kama ɗaki a lungunan Ajame da Tireshbil, yanzu kuma sun koma cikin waya, ku nisance su. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Malami nagari zai yi maka addu'a, ya koya maka ka roƙa da bakinka, ba ya yanka maka farashin gaibu. Wanda ka tura wa kuɗi, ɗana, ka taɓa jin ya ce wa wani hanya a rufe take?

FASALI NA BIYAR: BAYAN ZAƁI

19. Hasara idan ta biyo bayan zaɓi,
Ka tuna Sahabbai a Hudaibiyya.

20. Ganinka na yau ne, na Allah ko gobe,
Shi ɗai Ya sani, kai ka yo juriya.

Sharhi: Bayan zaɓen Nuwamba na 2010 ƙasar nan ta shiga fitina. A watan Fabrairu na 2011 bankuna suka rufe, ana jin harbi daga Abobo, an kafa shingaye a unguwanni, baƙo kuwa ba ya fita sai da addu'a. 'Yan'uwa da yawa suka ɗaure kaya suka tafi gida. Tafiya halal ce, zama ma halal ne. Na yi istihara dare bakwai, ban ga komai ba. Na yi shawara da uwar 'ya'yana, da wani dattijo, da wani direba da ya san hanya. Aika iyali gida ya zo da sauƙi, mota ta samu a kwana biyu. Tawa tafiyar kuwa duk lokacin da na tuna ta sai ƙirjina ya tsuke, domin muƙaddaminmu yana kwance ba lafiya, 'ya'yansa ba sa ƙasar. Sai na rufe rumfata a Ajame na koma Tireshbil na zauna wurinsa.

Da ƙura ta lafa bayan 11 ga Afrilu na koma Ajame, na tarar an fasa rumfar, an kwashe abin da za a iya kwashewa, sauran ya ruɓe. Jarin shekara 14 ya tafi. Na tsaya a wurin, Shaiɗan ya ce mini, "Ina amfanin istihararka?" Na kwana biyu ina kokawa da wannan magana, har Allah Ya tuna mini Hudaibiyya. A shekara ta 6 bayan Hijira Sahabbai wajen 1,400 suka fito umra, aka tsare su, aka ƙulla sulhu da sharuɗɗa masu nauyi, har Sayyadi Umaru ya kasa daurewa ya je yana tambaya. A hanyar komawa Suratul Fatahi ta sauka ta kira abin buɗi. Shekara biyu bayan haka suka shiga Makka su 10,000.

Ba a yi mana alkawarin cewa mai istihara ba zai yi hasara ba. Abin da muka roƙa shi ne alherin addini da rayuwa da ƙarshen al'amari, dukiya kuwa yanki ce kawai a ciki. Muƙaddaminmu ya cika a cikin kwanakin nan, kansa yana kan cinyata, ina laƙƙana masa kalmar Shahada, kuma mu kaɗan ne muka samu yi masa sutura. Ban ce wannan ita ce hikimar ba, Allah ne Masani. Amma da za a mayar mini da rumfar a karɓe wancan dare, ba zan yarda ba.

FASALI NA SHIDA: SAURARO NA KULLUM

21. Idan za ka salla ka bar kaya tasha,
Ka ji Fatiharka da kake biya.

22. Riƙe lazimi safe yamma a natse,
Shi ke share dauɗa kamar tsintsiya.

23. Da lomar halal ne ake buɗe kunne,
Haramun shi toshe shi har jijiya.

24. Uwa in ta ce ma ka dawo, ka ji ta,
Da kukan maƙwabci da na maraya.

Sharhi: Kunnen da bai saba ji kullum ba, ba zai ji ran tsanani ba. Na farkon abin da ke horar da shi salla ce. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya raba Fatiha tsakaninSa da bawanSa, kowace aya bawa ya karanta Ubangiji Yana amsa masa. Sau 17 a yini, mafi ƙaranci, muke roƙon shiriya a cikinta, muna zuba ta a guje kamar ɗan kamasho mai kiran fasinja. Ka tsaya a ƙarshen kowace aya gwargwadon numfashi ɗaya, ka tuna ana amsa maka.

Na biyu wuridi. Lazimin safe da na yamma, istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, an jera su ne bisa hikima: a wanke, a haskaka, sa'an nan a cika. Wanda yake ja da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, ya sauke adadi amma bai share ɗakin ba. Ka ware wuri da lokaci, ko bayan buhuna ne, ka fuskanci alƙibla, in ka gama ka ɗan zauna shiru kafin ka miƙe.

Na uku loma. Hadisi na 10 cikin Arba'una ya ba da labarin matafiyi mai ƙura a jiki, yana ɗaga hannu yana kiran Ubangiji, alhali cinsa da shansa da tufarsa haramun ne, aka nisanta karɓar addu'arsa. Mai albasa da ke sa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu, da mai garba da ke soya kifin da ya san ya juya, da mai canjin da ke rage wa baƙauye, kowannensu yana cusa auduga a kunnensa da hannunsa.

Na huɗu mutane. Sau da yawa amsar da muke jira daga sama tana zaune a tsakar gidanmu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa suna da rai, da ya ce e, sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Idan an mayar da mai neman jihadi saboda iyaye, ina ga mai neman kuɗi ta hamadar da ta cinye samari da yawa? Ɗana mai tambaya, ka ce ka roƙa ba ka ji komai ba. Ni kuwa a cikin maganarka na ji mahaifiyarka tana cewa ka koma gida. Je ka gan ta tukuna, ka zauna gabanta ka faɗa mata halinka da bashinka da burinka. In ta sa maka albarka, tafiyar ta zama abin da za ka yi wa istihara da shawara. In ta hana, an riga an amsa maka. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

KAMMALAWA

25. Ta'ala Ka yafe wa mai tsara waƙa,
Baƙon Abijan ne, shina tafiya.

26. Ka sa mu cika da Shahada a baki,
Mu sha Kausara mu duka bai ɗaya.

Ina roƙon duk ɗan'uwan da ya karanta wannan ɗan littafi, ko aka karanta masa, ya yi Fatiha ɗaya da Salatul Fatihi ya ba da ladan ga muƙaddaminmu, da yaron nan mai garba, da dukan 'yan'uwanmu Musulmi da ƙasar Kwaddibuwa ta rufe, nesa da garuruwansu. Ya Allah Ka nuna mana gaskiya Ka ba mu ikon bin ta, Ka tsare mu daga ruɗin rayukanmu, Ka zaunar da Kwaddibuwa da Nijar da Nijeriya lafiya, Ka mayar da kowane baƙo ga iyalinsa da alheri, albarkar Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama. Amin.